Jarkar Giya a Gidan Suna

Ranar da na fara ganin Yaya Babba a ƙasar Faransa, mari ya fara ba ni kafin ruwa. A unguwar Porte de la Chapelle ne, a Paris, ƙarƙashin gadar nan da matoci ke gudu a kanta. Kwanana tara a wurin a kan kwali, kuma da safen nan 'yan sanda sun zo sun yayyage tantunan mutane, sun fesa mana hayaƙi mai sa hawaye. Idona na zuba, ban gan shi ba sai da ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Ban ce maka kada ka taso ba?"

Kafin in buɗe baki ya kwashe ni da mari, na faɗa kan wani keken kanti da aka yasar. Ya ɗago ni da wuyan riga ya ƙara mini a ɗaya kuncin. Sannan ya rungume ni yana kuka har da majina, ya sa ni a mato ya kai ni gidansa a Aubervilliers, matarsa ta ɗora mini ruwan wanka.

Haka yake. Shi ya raine mu, ni da ƙanwarmu, tun da babanmu ya rasu a Damagaram ina shekara shida. Hannun da ke miƙo mana tuwo shi ke dukanmu, kuma ban taɓa ɗaga ido na dube shi yana yi ba. Ba ni da uba sai shi. Duk abin da zan aikata, kafin in tuna Allah, astagfirullah, shi nake fara tunawa: in Yaya Babba ya ji fa? Ba dukan nake tsoro ba, na saba da shi. Tsorona kada wata rana ya ce ba shi ba ni.

Shekara biyu na yi a sitonsa ina ɗaure tsofaffin firigo da dilolin takalma da yake aikawa gida. Amma aikin ɗan'uwa ba ya kawo takardar zama, sai ka sami mai gida Bafaranshe da zai sa maka hannu. Shi ya sa na koma Lyon, inda ƙanwarmu ke aure a unguwar Minguettes, a wani dogon bene, hawa na goma sha ɗaya. Mijinta direban bas ne, mutum mai sanyin hali, shi ya samo mini aikin wanke-wanke a wani ɗan gidan abinci cikin tsohon gari. Da Yaya Babba ya tambaye ni a waya, na ce wurin gasa kaji ne na wasu Larabawa.

Ba na Larabawa ba ne. Na wani tsoho ne gajere mai wuya kamar turmi, wanda kowa ke kira Shef. Ban taɓa ganin mutum mai saurin hannu irinsa ba, sai ko wana. Ludayi, murfin tukunya, albasa, duk abin da ke kusa da shi da shi zai jefe ka, yana zagin uwarka da Faransanci. Tabon da ke goshina na murfin tukunyarsa ne. Ni ma ba kanwar lasa ba ne, na taɓa dukan wani mai kawo mana kayan miya har sai da aka ɓamɓare ni daga jikinsa, amma ga Shef sai in haɗiye, don takardata tana aljihunsa.

Rabin girkin gidan nan da jar giya ake yi. Naman sa a dafa shi a cikinta tun safe, har ƙwai a cikinta suke dafawa, Allah wadai. Sauran kuma a zuba wa magina da 'yan fenti da ke zuwa cin abincin rana. Ba mai tsada ba ce, irin ta talakawansu ce ta yau da gobe. Shef yana sayenta a wajen gari, wurin wata tsohuwa mai manyan tankunan ƙarfe, tana ɗura ta da tiyo kamar a gidan mai, cikin jarkokin roba masu lita biyar, farare, ba takarda ba rubutu a jikinsu.

To, ciwon korona ya kama Shef ya sake shi, amma ya tafi da hancinsa da harshensa. Ba ya jin gishiri, ba ya jin ƙauri. Ya ɓoye wa kowa, sai dai ni na gane, don sau biyu ina ce masa miya ta kama tun daga wajen wanke-wanke yana tsaye a kanta bai ji ba. Wata ranar Talata ya ce in cire ƙyallen aikin da ke gabana in shiga mato. Ya ja mu sai wurin tsohuwar.

Ta jera ƙananan kofuna uku a kan ganga, da bokiti a ƙasa. Shef ya nuna su da haɓa ya ce in ɗanɗana in gaya masa wadda za a saya.

Na ce, "Shef, ni Musulmi ne."

Ya damƙe ni a ƙeya, ya danna kaina har goshina ya bugi bakin gangar. Ya ce, "Wa ya ce ka sha, jaki? Kurkurawa za ka yi ka tofar." Na fizge, na dunƙule hannu, wallahi saura ƙiris in fasa masa baki. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar nan tawa da bai sa wa hannu ba, ya riƙe ta da yatsa biyu a saman bokitin tofin, yana kallona.

Na ɗauki kofin farko. Ban yi bisimilla ba, ina zan kai ta? Na kurɓa, na juya a baki, na tofar. Ruwa-ruwa ce, da tsami irin na kunun da ya kwana. Ta biyu zafi kawai, ta ƙona mini dasashi. Ta ukun ce ta tsayar da ni. Da farko wani ɗan zaƙi-zaƙi ya zo, sai yaji a bayansa irin na masoro, sai kuma bauri ya ɗaure mini harshe kamar na tauna ɗanyen goro, kuma ba wanda ya danne wani. Na tofar, na fita da gudu na yi amai a gindin tayar mato. Da na dawo na gaya musu abin da na ji, tiryan-tiryan.

Tsohuwar ta yi dariya har tana dukan cinya. Ta ce ta ukun haɗi ce, inabi iri uku ne a ciki, kuma na lissafa su ɗaya bayan ɗaya ban san ko sunansu ba. Shef ya sayi ta ukun. A kan murfin mato ya sa wa takardata hannu, ya jefo mini ita a ƙirji.

Daga nan sayen giya ya zama aikina, duk mako biyu, ni kaɗai. Ban tambayi malami ba, don na san amsar. In na gama sai in kurkure baki sau bakwai, in tauna kanumfari, in yi alwala. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne na iya abin. Nakan ce wa tsohuwar wannan tankin ya sha iska, wancan an cika masa bauri, ta zage ni, in zage ta, ta buɗe mini wani. Masu cin abinci suka fara yaba giyar gidan. Ni da ake jifa da murfin tukunya, sai ga shi maganata ake jira. In na ce ban ji daɗin wannan ba na yi ƙarya.

Ƙanwata kuwa zoɓo take yi tana sayar wa matan unguwa, kullum kukanta rashin abin zubawa. Kun san matanmu, roba mai murfi ba ta zuwa shara. Ni kuma ina ganin jarkoki masu kyau ana zubarwa a bayan kicin, sai zuciyata ta ƙi. Na riƙa wanke su tas da sabulu da ruwan zafi ina kai mata. Ta tambaye ni me ake zubawa a ciki, na ce ruwan tsami ne na zubawa a ganyen salati. Ta yi ta sa mini albarka.

Bayan kamar shekara guda ta haihu, namiji, aka sa suna ranar Asabar. Ranar Jumma'a Shef ya ba ni aron motar aiki in ɗauko naman rago da shinkafa da ƙanƙara, da sharaɗin in biya wurin tsohuwar in sayo jarka biyu ta ranar Litinin. Na biya, na ɗanɗana, na saya, na tura su can ƙuryar mato, na lodo kayan suna a kansu.

Ina isowa gindin benenmu na tarar da matan da suka zo aiki sun cika wurin. Wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ke jagorar girki, ta ce mini, "Yayanku ya iso tun ɗazu da dattawan Paris, yana ta tambayarka." Ga shi kanumfarina ya ƙare, kuma ina jin abin a numfashina. Na miƙa mata makulli na ce su kwashe kaya, na ruga kantin Larabawa neman abin taunawa. Kaya na ce, ban ce nama ba. A wajenmu kuwa duk abin da ya fito daga motar ɗan'uwa jajibirin biki gudummawa ce, ba mai tambayar na mene ne. Suka ga jarka biyu cike da jan abu, iri ɗaya sak da na ƙanwata, suka hau da su, suka nutsa su a bahon wanka cikin ƙanƙara tare da sauran na zoɓo. Ni ina can zaune gefen ƙafar Yaya Babba ina amsa tambayoyi kan gasa kaji, ban sake leƙa motar ba.

Da hantsi ranar Asabar maza suka cika ɗakin zama, mun kai ashirin, a kan darduma, hayaƙin turaren wuta har ba ka ganin na nesa sosai. Babba a cikinmu wani tsoho ne mutumin Tawa, ya haura tamanin, kowa Baba Malam yake ce masa, Yaya Babba ne ya ɗauko shi tun daga Paris don ya yi addu'a. Ya yi, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino. Aka shigo da jarka biyu masu sanyi daga baho aka ajiye kusa da ni. Yaya Babba ya ce ba wanda zai ba Baba Malam ruwa sai shi. Ya durƙusa cikin farar shaddarsa, ya tsiyaya, ya miƙa da hannu biyu.

Tsohon ya sha dogon karatu, ƙishi yake ji. Ya yi bisimilla ya shanye rabin kofi a tashi ɗaya. Ya yamutsa fuska, ya dubi kofin, sannan don kada ya kunyata masu gida ya ce a hankali, "Wanga zoɓo ya ɗan kwana, amma ba komi."

A lokacin warin ya iso hancina, na gane ta, ni na zaɓe ta jiya. Kafin in motsa, ƙanen mijin ƙanwata, ɗan jami'a haifaffen nan, wanda aka zuba wa na biyu, ya kai kofin hanci ya miƙe tsaye. Ya ce, "Mais c'est du vin!" Sannan ya maimaita da Hausarsa mai tsami, "Giya ce, wallahi giya ce!"

Baba Malam ya sa yatsa a maƙogwaro. Ina ganinsa har yanzu, tsoho mai farin gemu a durƙushe yana kakarin amai a kan darduma, hawaye na bin gemun, yana cewa shekara tamanin, shekara tamanin. Ɗakin ya kaure da salati. Yaya Babba ya dubi hannunsa da ya zuba, ya miƙe, ya leƙa wajen mata ya tambayi inda jarkar ta fito. Hajiya ta ce daga motar ƙanenka.

Ya dawo ya tsaya a kaina. "Gasa kaji ko?"

Na ce, "Yaya, ba na sha, tofarwa nake..."

Marin farko ya fasa mini leɓe. Na durƙusa na sunkuyar da kai yadda na saba, ina da shekara talatin da huɗu. Ya sa ƙafa ya shure ni a haƙarƙari na kife. Ya zare ɗamarar wandonsa ya riƙa zuba mini ta wajen ƙarfen, a baya, a ka, a hannun da na kare fuska da shi. Mutum uku suka riƙe shi ya watsar da su, wani dattijo har hularsa ta faɗa cikin kwanon dabino. "Da hannuna! Ka sa na ba malamina giya da hannuna, ɗan banza, la'ananne!" Haƙorina ɗaya ya fita, na ji shi a kan harshe na tofar. Ban yi kuka ba, ban kuma ji haushinsa ba, na ga ya fi ni gaskiya.

Sai ƙanwata ta fito daga ɗakin jego da jaririn a hannu, tana tafiya da ƙyar. Ta ce, "Yaya Babba, don Allah ka bari, za ka kashe shi! Kuskure ne, jarkokin ne iri ɗaya da waɗanda yake kawo mini."

Ya tsaya cak. "Yake kawo miki?"

Ta gane abin da ta faɗa, ta dube ni. Matan da ke bakin ƙofa, waɗanda duk sun sha zoɓonta su da 'ya'yansu, suka ɗauki salati.

"Tun yaushe?"

"Yaya, ya ce mini na ruwan tsami ne..."

"Na ce tun yaushe!"

Ta ce shekara guda. Ya ɗauke ta da mari da bayan hannu. Macen da ta haihu kwana bakwai! Ta tafi taga-taga ta bugi ƙofa, jaririn ya suɓuce, Allah ya sa Hajiya na kusa ta cafe shi. Ya sake ɗaga hannu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Jarka ta biyu na nan cike ba a buɗe ba, na kama ta a mariƙi, na wulwula ta da duk ƙarfin da na tara a sitonsa, na sauke masa a kunnen hagu. Ya tafi gefe guda, kansa ya daki ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango, ƙarar ta cika gidan. Murfin jarkar ya ɓalle, giya ta malale a kansa da darduma. Ya kwanta idonsa a buɗe, jini na fita daga kunnen yana gangarawa wuyan shaddar. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: a daidai wannan lokacin daɗi na ji, wani irin daɗi tun daga tafin ƙafata. Bai daɗe ba, da na ga ƙafarsa na karkarwa sai na faɗi a kansa ina kiran Yaya, Yaya, mutane suna janye ni.

Maƙwabta ne suka kira 'yan sanda. Suka zo tare da masu motar asibiti, suka tarar da ɗaki na warin giya da turare, dattawa cikin manyan riguna, mutum ɗaya a ƙasa, ni kuma fuska a kumbure. Takardata ta shekara guda ce, saura wata biyu a sabunta ta, kowa a ɗakin ya san in aka rubuta ni sai jirgi. Wata 'yar sanda ta tsuguna ta tambayi Yaya Babba wa ya buge shi. Ya farfaɗo a lokacin, an ɗaure masa kai. Ya dubi silin, ya ce mata da Faransanci santsi ne ya kwashe shi. Ta nuna ni ta ce wannan fa? Ya ce a matakala na faɗi. Ta bi dattawan da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gyaɗa kai. Har Baba Malam, da aka fassara masa, ya share gemu ya ce haka aka yi. Ba ta yarda ba, amma ta rufe littafinta.

Likita ya ce kunnen ya mutu, ba zai sake ji da shi ba. Ba wanda ya ci naman sunan nan. Matan unguwa suka daina sayen zoɓon ƙanwata, mijinta kuma ya same ni a hankali ya ce in nemi ɗaki. Ranar Litinin Shef ya dubi fuskata, ya dubi motar ba jarka, bai jefe ni da komai ba, ya ce in koma in sayo wata. Na koma. Na kurɓa da fasasshen leɓe, ta shiga ramin haƙorin nan kamar an zuba barkono, na tofar da ita haɗe da jini. Tsohuwar ta ce yaya? Na ce tana da kyau, ta cika biyu.

Sai da fuskata ta saɓe na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Matar Yaya Babba ta buɗe mini ƙofa idonta ya yi ja, ta nuna mini ɗaki. Yana zaune a kujera yana jan carbi, ya rame. Na yi sallama ya amsa, don wannan hakkin Musulmi ne. Na durƙusa a gabansa na fara ba shi haƙuri. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, ni kuwa da na zo da bayana a shirye. Sai kawai ya gyara zama, ya juyo mini da gefen hagu, ya ci gaba da jan carbinsa. Na yi magana har muryata ta dushe, duk a kunnen da na kashe.

Shekara huɗu ke nan. Duk Sallah ina zuwa, ba a hana ni shiga, ana kawo mini abinci, 'ya'yansa suna gaishe ni. Shi kuma kullum ta hagu yake zama da ni. A Sallar da ta wuce na yi ƙarfin hali, na tashi na zagaya ta damansa na durƙusa, na kai bakina kusa da kunnen mai ji, na ce, "Yaya, ko dukana ne ka yi."

Ya ji ni sarai, na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki kujerar da kansa ya juya ta, ya zauna.